Sauya wa Yaro Mai Buƙata ta Musamman Makaranta ko Barinsa Inda Yake: Yadda Za a Auna Zaɓi Biyar

Iyayen yaro mai buƙata ta musamman sukan kai wani matsayi da hankalinsu ke rabuwa biyu game da makarantarsa. Yaron yana zuwa kullum, ana biyan kuɗi, malamai suna cewa yana ƙoƙari, amma shekara ta zagayo babu abin da za a nuna a ce ya ƙaru da shi. Ko kuma ya fara kuka kowace safiya, yana ƙorafin ciwon cikin da ba ya tasowa a ranakun hutu. A ɗaya ɓangaren kuma, iyayen sun san irin wahalar da aka sha kafin ya saba da wurin, ya gane hanyar banɗaki, ya yarda da malamarsa, ya sami yaro ɗaya ko biyu da ke zama kusa da shi, suna kuma tsoron a ɗauke shi a kai wani wuri a tarar an gudu ba a tsira ba.

A ganina, tambayar da ya kamata a fara amsawa ita ce ko matsalar da ake gani irin wadda za a iya gyarawa a inda ake ce, ko kuwa tana cikin tushen makarantar. Malamin da bai san yadda zai koyar da yaron ba amma yana son ya sani, ko kujerar da aka ajiye a can bayan aji, ko jarrabawar da ba a ƙara wa yaron lokaci a cikinta, duk abubuwa ne masu gyaruwa. Makarantar da babu mai iya magana da yaron a harshen da yake ganewa, ko wadda shugabanta ke ɗaukarsa a matsayin alfarmar da aka yi wa iyaye, ba ta gyaruwa da yawan zarya.

Kafin a ɗora wa makaranta laifi, yana da kyau a tabbatar lafiyar yaron ba ta sauya ba. A sake gwada jinsa da ganinsa, a duba barcinsa da magungunan da yake sha, domin wasu magungunan farfaɗiya suna kawo kasala da gyangyaɗi a aji, yara masu larurar Down (larurar da ake haihuwar yaro da ita, mai jinkirta girma da koyo) kuma suna yawan samun taruwar ruwa a cikin kunne da raunin aikin halittar maƙogwaro ta tayirod, kuma kowanne daga cikinsu zai iya sa yaro ya koma baya a karatu ko da makarantar tana yin iya ƙoƙarinta. A riƙa rubuta abin da ake gani na tsawon wasu makonni: wace rana ya dawo cikin damuwa, wane darasi aka yi, wa ya koyar. Sau da yawa rubutun kan nuna cewa abin da ake zaton matsalar makaranta baki ɗaya ce, ta sa'a guda ce a yini ko ta mutum guda.

Ma'aunan da za a yi amfani da su

Na farko shi ne isar darasi ga yaro, wato ko abin da ake koyarwa yana kai masa ta hanyar da zai iya ɗauka. Ga kurma, wannan na nufin maganar hannu daga shiga aji har tashi. Ga makaho, rubutun Braille mai ɗigo shida da littattafan da aka buga da shi ko na'urar da ke karanta rubutu da murya. Ga mai wahalar haɗa baƙi, koyar da sautin haruffa daki-daki tare da maimaitawa. Ga mai larurar otizim, wato galahanga, aji mai ƙarancin hayaniya da tsarin yini wanda ba ya sauyawa babu sanarwa. Na biyu shi ne tsaro da mutunci: duka, zolaya, kulle yaro a ɗaki shi kaɗai, barinsa cikin jiƙaƙƙen wando, da kuma wanda ke raka shi banɗaki. Waɗannan biyun ba a ciniki a kansu, kuma zaɓin da ya faɗi a ɗaya daga ciki ya fita daga lissafi komai arharsa.

Sauran huɗun su ne ake aunawa da juna. Kuɗi, wanda ya haɗa da kuɗin makaranta, na sufuri, albashin mataimaki idan iyaye ne za su biya, kayan aiki, kuɗin ganin ƙwararru a waje, da abin da uba ko uwa za su rasa na aiki ko sana'a saboda kai da komo. Ɗorewa, wato ko tsarin zai tsaya idan malami ɗaya ya bar aiki, da kuma aji nawa makarantar za ta iya kai yaron, da irin takardar shaidar da zai fita da ita. Sauƙi, wato nisa, cunkoson hanya, da yadda abin zai shafi sauran yaran gida. Sai haɗari, wato abin da za a rasa idan zaɓin bai yi kyau ba, da ko za a iya komawa baya.

Yana da amfani iyaye su san inda duniya ta dosa a wannan batu, don su san abin da suke da hujjar nema. A watan Yunin 1994, wakilan gwamnatoci 92 da ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa 25 sun amince da Sanarwar Salamanka a ƙasar Sifen ƙarƙashin hukumar UNESCO, wadda ta yi kira da makarantun kowa da kowa su karɓi dukkan yara. A 2006 Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da yarjejeniyar haƙƙin masu nakasa, inda Sashe na 24 ya hana a ware yaro daga ilimin bai-ɗaya saboda nakasa, ya kuma wajabta a yi masa gyare-gyaren da suka dace da buƙatarsa. Kwamitin da ke sa ido kan yarjejeniyar ya ƙara fayyacewa a 2016 cewa zaunar da yaro a aji ɗaya da sauran yara ba tare da an sauya tsarin koyarwa ba, bai cika abin da ake nufi ba. Yadda ake aiwatar da wannan ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka wajibi ne a nemi sanin dokar inda ake zaune.

Zaɓi na farko: a bar shi inda yake, amma da rubutacciyar yarjejeniya

Wannan ya bambanta da zura ido ana fatan abubuwa su gyaru da kansu. Ana nufin a zauna da shugaban makaranta da malamin aji, da ƙwararren da ke duba yaron idan akwai, a rubuta buri uku ko huɗu da za a iya aunawa, a faɗi wanda zai yi kowane aiki, a sa ranar da za a sake zama. Buri irin "ya inganta karatunsa" ba ya auno komai. "Ya karanta kalmomi 20 masu gaɓa biyu ba tare da taimako ba kafin ƙarshen zango" shi ne ke nuna ko an yi aiki. A Amurka doka ta wajabta irin wannan rubutaccen shiri ga kowane yaro da ya cancanta tun 1975, ana kuma sake duba shi aƙalla sau ɗaya a shekara. A Ingila, tun 2014 ana haɗa ilimi da lafiya da kulawa a takarda ɗaya wadda za ta iya bin mutum har shekara 25. Inda doka ba ta tilasta ba, babu abin da ya hana iyaye su nemi a yi, kuma yadda makaranta ta karɓi buƙatar ya isa ya nuna matsayinta.

Ta fuskar kuɗi, wannan ne mafi sauƙi, sai dai idan makarantar ta gindaya sharaɗin a ɗauko mataimaki na musamman wanda zai zauna da yaron. A nan akwai abin lura. Wani babban bincike da aka gudanar a makarantun Ingila da Wales, wanda sakamakonsa ya fito a 2009, ya gano cewa ɗaliban da suka fi samun taimakon mataimakan malamai sun fi samun ƙarancin ci gaba, ko bayan an yi la'akari da irin buƙatunsu. Masu binciken ba su ɗora laifin a kan mataimakan ba. Sun nuna cewa da zarar an sa wa yaro mataimaki, malamin aji yakan sakar masa shi, sai ya zama yaron da ya fi kowa buƙatar ƙwararren malami shi ne ya fi kowa ƙarancin lokaci da shi. Saboda haka idan za a ɗauki mataimaki, a rubuta cewa malamin aji ne ke da alhakin koyarwa, aikin mataimakin kuma shi ne ya riƙa janye hannunsa a hankali.

Ɗorewar wannan zaɓi tana rataye ne a wuyan shugaban makaranta. Idan duk alherin da yaron ke samu daga malama ɗaya yake fitowa, to da ƙarshen shekara zai ƙare. Haɗarinsa kuwa ɓata lokaci ne, kuma lokaci ba daidai yake da tsada a kowace shekara ba: shekarun farko na koyon harshe da karatu sun fi wuyar ramawa. Shi ya sa nake ganin wa'adin gwajin bai kamata ya wuce zango ɗaya ba, ko biyu idan ana ganin alamun motsi.

Zaɓi na biyu: wata makarantar kowa da kowa da ta fi shiri

Ana neman ƙaramin aji, malaman da suka taɓa koyar da yaro mai irin wannan buƙata, da gini mai gangare da faffaɗar ƙofar banɗaki idan yaron yana amfani da keken guragu. Amfaninta shi ne yaron zai ci gaba da manhajar da kowa ke bi, ya rubuta jarrabawar da kowa ke rubutawa, ya kuma girma cikin yaran da zai yi rayuwa da su. Kuɗinta yakan fi na da, musamman a shekarar farko da ake haɗa kuɗin rajista da kayan makaranta da littattafai.

Babban haɗarin shi ne alkawarin baki. Makarantu da yawa sun koyi kalmomin da iyaye ke son ji, kuma ranar da aka shirya wa baƙi kowa fara'a yake yi. Gani ya kori ji: a je a ranar karatu ta yau da kullum, a tsaya lokacin hutun tara a ga ko akwai yaron da ke zaune shi kaɗai da abin da malamai ke yi a kai, a leƙa banɗaki, a nemi ganin littattafan aikin wani yaro mai irin wannan buƙata bayan an rufe sunansa. A tambayi shugaban abin da ake yi idan yaro ya fashe da ihu a tsakiyar darasi, sannan a tambayi malamin aji daban a ga ko amsar ɗaya ce. A kuma tambayi yawan malaman da suka bar aiki a shekarar da ta gabata, domin wannan ya fi kowace takardar talla bayyana ɗorewar wuri.

Zaɓi na uku: sashe na musamman a cikin makarantar kowa da kowa

A nan yaron yana yin wasu darussa a ƙaramin aji da ƙwararren malami, yana haɗuwa da sauran yara a wasu darussan da wasanni da taron safe. A takarda wannan ne ya fi haɗa alheri biyu, kuma idan an yi shi da gaske yana da wuya a sami wanda ya fi shi ga yaro mai matsakaiciyar buƙata. Sai dai guraben kaɗan ne, kuma sashen yakan rikiɗe ya zama ɗakin ajiya a ƙarshen gini, inda ake tara yara masu shekaru da larurori daban-daban a hannun malami ɗaya. Tambayar da ke warware gaskiya ita ce a nemi jadawalin mako na yaro guda, a ƙirga sa'o'in da yake yi a babban aji, a kuma ji ko akwai wanda ya taɓa komawa babban ajin gaba ɗaya.

Zaɓi na huɗu: makaranta ta musamman, ta jeka-ka-dawo ko ta kwana

Wasu iyaye suna ɗaukar wannan a matsayin karaya, wasu kuma suna ɗaukarsa maganin komai, kuma duka biyun suna wuce gona da iri. Hujjarsa ta fi ƙarfi a wajen kurame. Galibin yara kurame iyayensu masu ji ne, don haka ba sa samun maganar hannu a gida, kuma yaron da ya wuce shekarunsa na farko babu cikakken harshe, na baki ko na hannu, yakan daɗe yana biyan bashin a karatu da tunani. Kurma shi kaɗai a aji mai yara arba'in, ko da yana da na'urar ƙara ji, zai iya yin shekaru yana kwafe rubutun allo da kyau ba tare da ya san abin da yake rubutawa ba. Ita kanta takardar Salamanka, duk da kiran da ta yi na haɗa yara, ta yarda cewa ilimin kurame da na makafi-kurame zai iya fin dacewa a makarantu ko sassa na musamman saboda buƙatarsu ta sadarwa. A kula da makarantar kuramen da ke hana maganar hannu don tilasta karatun leɓe kaɗai. Wannan ra'ayi ne da wani taron malaman kurame ya ɗora wa duniya a birnin Milan a 1880, kuma taron da ya gaje shi ya yi watsi da shi a fili a Bankuba ta ƙasar Kanada a 2010.

Ga makaho, makaranta ta musamman tana da amfani wajen ƙwarewa a Braille da tafiya da sanda, kuma da yawa sukan koma makarantar kowa da kowa bayan sun mallaki waɗannan. Ga yaro mai larurori da yawa a haɗe, wanda ke buƙatar gashin gaɓoɓi da horon magana da taimako wajen cin abinci, samun duka a wuri ɗaya yana rage wa iyali kuɗi da zirga-zirga fiye da yadda ake zato.

Kuɗin ya bambanta ƙwarai: na gwamnati da na ƙungiyoyin agaji sukan yi sauƙi amma da dogon layin jira, masu zaman kansu kuma su ne mafi tsada cikin dukkan zaɓin. Haɗari iri biyu ne. Na farko ƙanƙantar buri, inda ake shafe shekaru ana fenti da waƙa da yaron da zai iya karatu da lissafi, ya fita babu takardar shaida, komawa makarantar kowa da kowa kuma ta yi wuya saboda ratar da ta buɗe. Na biyu ya shafi makarantar kwana. Wani nazari da aka yi da goyon bayan Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda aka buga a 2012, ya nuna cewa yiwuwar cin zarafin yara masu nakasa ya kusan ninka na sauran yara sau huɗu, kuma yaron da ba ya iya faɗin abin da aka yi masa shi ya fi shiga haɗari. Ba zan ba da shawarar kwana ga ƙaramin yaro marar hanyar bayyana kansa ba, sai idan babu wata mafita, makarantar kuma ta yarda iyaye su zo ba tare da sanarwa ba.

Zaɓi na biyar: karatu a gida

Inda doka ta yarda, wannan yana da amfani a matsayin gada: bayan tiyata, ko bayan an cire yaro daga wurin da ake cutar da shi kafin a sami gurbi. A matsayin tsari na dindindin yana cin aikin ɗaya daga cikin iyaye, yana gajiyar da shi, yana kuma raba yaron da sa'o'insa. A sa masa ranar ƙarewa tun daga farko.

| Zaɓi | Kuɗi | Ɗorewa | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Zama da yarjejeniya | Kaɗan, sai in an ɗauki mataimaki | Ya danganta da shugaba | Mafi sauƙi | Ɓata lokaci |
| Wata makarantar kowa | Matsakaici zuwa mai yawa | Mai kyau in malamai na daɗewa | Sabon sabo, sabuwar hanya | Alkawarin baki |
| Sashe na musamman | Matsakaici | Ya danganta da ƙwararren malami | Gurbi yana wuya | Warewa a cikin makarantar |
| Makaranta ta musamman | Daga kaɗan zuwa mafi tsada | Mai ƙarfi | Yawanci da nisa | Ƙanƙantar buri. Cin zarafi a kwana |
| Karatu a gida | Asarar aikin uwa ko uba | Rauni | Sauƙi ga yaro, nauyi ga iyaye | Kaɗaici |

Farashin sauyin kansa

Duk zaɓin da ya ƙunshi tashi yana da kuɗin da yaron ne ke biya. Koma baya na wasu makonni a barci ko ɗabi'a ko riƙe fitsari abu ne da ake sa rai, musamman ga mai otizim, kuma ba hujja ba ne cewa an yi kuskure. Ana rage shi ta hanyar yin sauyin a farkon shekara ko zango, kai yaron ziyara sau da dama kafin ranar farko, nuna masa hotunan aji da malami, da rubuta wa sabon malamin shafi ɗaya kan abin da ke tayar masa da hankali da abin da ke kwantar da shi. Kada a cire shi daga tsohuwar makaranta sai an riƙe takardar karɓa daga sabuwa, kuma kada a ɓoye wa sabuwar larurarsa don a sami gurbi, domin wurin da ya karɓe shi a kan rashin sani zai iya mayar da shi bayan wata biyu. A tambayi yaron kansa, ko da ta hoto ko ishara ce. Sashe na 12 na yarjejeniyar haƙƙin yara ta 1989 ya ba shi wannan haƙƙi, kuma sau da yawa shi ne kaɗai ya san abin da ke faruwa a bayan aji.

Wane zaɓi ga wace buƙata

Idan ana dukan yaro, ko ana kulle shi, ko akwai alamar cin zarafi, a cire shi nan take, a kai rahoto ga hukumar da ta dace, a riƙe shi a gida kafin a sami wani wuri. Nan ba wurin gwajin zango ba ne. Idan kurma ne kuma babu mai maganar hannu a makarantarsa, a nemi makarantar kurame ko sashen kurame da gaggawa, iyaye da 'yan'uwa su ma su fara koyon harshen. Idan makaho ne da bai iya Braille ba, makaranta ko sashe na musamman na wasu shekaru, da niyyar komawa, ya fi dacewa. Idan matsalar ta motsi ce kawai, hankali da ji da gani lafiya lau, abin nema gini ne mai shiguwa, don haka a fara da neman a sauko da ajinsa ƙasa a gyara banɗaki, in an ƙi a koma wata makarantar kowa da kowa.

Mai wahalar haɗa baƙi ko rashin natsuwa wanda ke da abokai kuma shugaban makarantarsa na saurare, zai fi amfana da zama inda yake da rubutacciyar yarjejeniya da ƙarin darasi daga ƙwararre. Mai otizim ko larurar Down da ke ɗaukar darasi amma babban aji ya yi masa yawa, sashe na musamman mai haɗa yara da gaske ya fi masa, in babu kuma ƙaramin aji a wata makarantar. Mai larurori masu nauyi a haɗe, makaranta ta musamman ta jeka-ka-dawo. Wanda kuma ya rage masa shekara ɗaya ya kammala wani mataki, babu cutarwa a inda yake, ya fi kyau a bar shi ya ƙarasa, a yi amfani da shekarar wajen ziyartar makarantun gaba da shiga layin jira tun da wuri.